Shafina na intanet na jan ƙafa, laifin rumbun bayanai ne?

Kullum tambayoyin nan dai su ne, to ga amsa a wuri ɗaya.

In bar MySQL in koma PostgreSQL, wato in canza manhajar rumbun, zai fi sauri?

A'a. Umarnin neman bayanai da ka rubuta a karkace zai bi ka can ma.

SELECT *, wato kwaso duk kolom ɗin tebur, laifi ne?

Eh mana. Sunan ɗalibi da lambarsa kawai kake so, me ya kai ka kwaso hotonsa da adireshinsa? Faɗi kolom ɗin da kake buƙata.

Ya zan gane inda matsalar take?

Sa EXPLAIN a gaban umarnin, zai nuna maka yadda rumbun zai bi ya nemo bayanan. In MySQL ya nuna ALL, ko PostgreSQL ya ce Seq Scan a kan babban tebur, layi layi yake bi tun daga farko, sai ka sa indeks, wato jerin da ke kai shi ga layin kai tsaye, a kolom ɗin da ke cikin WHERE, inda ka rubuta sharaɗin neman. Dan Allah kar ka bi kowane kolom kana liƙa masa indeks, duk INSERT, wato ƙara sabon layi, sai ya sabunta su.

JOIN ɗaya, wato haɗa tebura a umarni guda, ya fi ko umarni daban daban?

To nan kam ya danganta, kuma kar ka damu in ya rikita ka, manya ma suna gardama a kai. Abin da ba gardama shi ne N+1, wato ka jawo oda 100 sannan cikin lup, ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar sunan mai kowace oda, zuwa rumbu sau 101 kenan a kan aikin da zuwa 1 ko 2 zai gama, ORM, mai rubuta umarnin a madadinka, shi ke yi maka hakan shiru ba ka sani ba. In kowace oda mai ita ɗaya ne, galibi JOIN ya fi, a Django, tsarin gina shafi na Python, select_related kenan. Amma fa in oda ɗaya tana da kaya 10 da biya 5 ka haɗa teburan duka, layi 50 za su dawo maka, bayanan odar suna ta maimaituwa, a nan raba umarnin ya fi, shi ne aikin prefetch_related, haka ma with() na Laravel, tsarin gina shafi na PHP, yake yi. Sannan ka duba ina sabar take, in rumbun na kan wata na'ura mai nisa kowane zuwa na cin lokaci, ƙila JOIN mai ɗan nauyi ya fi maka arha. Ni dai shawarata ka gwada duka biyun, amma da bayanai masu yawa, ba layi 20 na kwamfutarka ba.

In sa Redis, mai ajiye kwafin amsa don kar a riƙa komawa rumbu?

Haba malam, gyara umarnin tukuna! In ka sa kuma ka san yaushe za ka goge abin da ya ajiye, in ba haka ba kwastoma zai ga tsohon farashi.

Me ya sa shafukan ƙarshe na dogon jeri suka fi nauyi?

OFFSET ne, wato tsallake layuka. In ka ce OFFSET 100000 sai ya bi layukan nan duka ya watsar kafin ya ba ka 20 ɗinka. Riƙe id na ƙarshe da ka nuna, ka ce WHERE id ya fi shi, ORDER BY id, LIMIT 20.