Waiwaye: Yadda Kai Kwal Newcastle Ya Zama Karin Magana

Idan mutumin Ingila ya ga wani na wahalar da kansa wajen kai kaya inda kayan suka fi yawa, sai ya ce "carrying coals to Newcastle", wato ɗaukar kwal zuwa Newcastle. Aikin banza ake nufi, kamar mutum ya yi wa raƙumi lodin gishiri ya nufi Bilma. Ana faɗar sa a harkar ciniki, ana kuma faɗa wa mai koya wa gwani sana'arsa.

Newcastle na bakin kogin Tyne ne, a arewa maso gabashin Ingila. Tun ƙarni na 13 jiragen ruwa ke lodin kwal a can, su bi gaɓar teku har Landan. Cinikin ya faɗa hannun wasu attajiran birnin da ake kira Hostmen, masu saukar da baƙin fatake suna yi musu dillanci. A 1600 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba su takardar izini da ta damƙa musu harkar, su kuma suna biyan fada sule ɗaya a kan kowane ma'auni na kwal. Daga nan murhun Landan ya dogara da Tyne, har sunan garin da kwal suka zama abu guda a bakin mutane. Karin maganar ya fito a littafin marubucin tarihi ɗan Ingila Thomas Fuller na 1662, a cikin zantukan da jama'a suka riga suka saba da su.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda zancen ya rayu, sana'ar da ta haife shi kuwa ta mutu. Bayan yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, zamanin Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, aka shiga rufe ramuka ɗaya bayan ɗaya, garuruwan da suka gaji haƙa kaka da kakanni suka wayi gari babu abin yi. Ellington, rami mai zurfi na ƙarshe a yankin, an rufe shi a 2005. Tashar jiragen ruwa ta Tyne, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana fitar da kwal, sai ga ta a wancan lokacin tana sauke na ƙasashen waje domin tashoshin wutar lantarki.

Inda maganar ta ci gaba da zama gaskiya shi ne wani Newcastle ɗin, na Ostireliya, wanda ya ci sunan na Ingila. Tasharsa na cikin mafi girma a duniya wajen fitar da kwal, akasari zuwa Japan da sauran ƙasashen Asiya.