Tsohon babur yana yoyon baƙin mai: tambayoyin da aka fi damuna da su

Duk wanda ya turo min babur mai injin da ya yi baƙi ƙirin, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne da na wanda ya riga shi zuwa. Ga amsoshin wuri guda. A karanta kafin a ɗauki sifana.

Babur ɗina yana ɗigar da mai, wane gasket zan sayo?

Kada ka sayi komai tukuna. Je ka wanke injin.

Wankin me kuma? Ai ina ganin inda yake ɗiga.

Inda yake ɗiga daban, inda yake fitowa daban. Mai gangarowa ƙasa yake yi, in kana tafiya iska ta kora shi baya, ƙura ta zo ta manne a kai har ko'ina ya zama baƙi. Wanda ya fito daga murfin bawul can sama yana iya zuwa ya ɗiga ta gindin notin juye, kai kuma ka yi ta ɗaure notin da bai yi maka laifin komai ba.

Bari injin ya huce. Ka goge shi da kalanzir da tsohon buroshi, ka bi da omo da ruwa, ka kiyaye kada ruwa ya shiga kafireta. Ban yarda a wanke injin mai zafi da fetur ba, wuta ba ta sallama. In ya bushe sarai, barbaɗa hoda a duk mahaɗin ƙarfe da ƙarfe da kake zargi, ka tayar da shi ya yi kamar minti 10, ko ka ɗan zagaya. Sai ka durƙusa da tocila. Wurin da ya fi kowane sama, ya kuma fi gaba, da hodar ta jiƙe, nan ne tushen. Da dare shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa, da safe ka ga yawan abin da ya zubar.

Zan iya ci gaba da hawa a haka?

In naso ne kawai, wurin ya yi danshi ba ya ɗiga, hau abinka, amma ka duba geji kowace safiya, babur a kafe a miƙe. Injin irin na Boxer ko CG 125 duk mansa wajen lita ɗaya ne, ba shi da rarar da zai yi asara. In man ya kai tayar baya ko birki, ajiye shi. Ɗan acaɓa, da kai nake musamman, ran wani ka ɗauko a bayanka.

Tunda aka yi min juye ya fara.

Washa ce. Notin juye yana da washar alminiyom ko tagulla da ke lotsewa ta toshe wurin, ana so a sa sabuwa in ta gaji. Yara a gareji sukan yar da ita cikin tsohon mai ba su lura ba. Sa sabuwa, ka ɗaure daidai. Jikin injin alminiyom ne, notin kuwa ƙarfe, in ka hau shi da ƙarfin tsiya zaren ramin zai cinye, aikin washa ya koma aikin mai sake yanka zare. Duba kuma ko an cika man ya wuce layin sama na geji, wannan ma yana sa injin ya yi amai.

Jincheng ɗina bakin salansa yana ɗigar da baƙin mai.

In irin AX100 ne, kwantar da hankalinka. Injin tu-sitirok ne, yana ƙona man 2T tare da fetur, ragowar da bai ƙone ba shi kake gani. Abin da zai sa ka damu shi ne man giya yana raguwa, hayaƙi kuma ya ƙaru. Wannan oyil sil (robar da ke tare mai) ɗin ɓangaren kuloci ne ya mutu, injin yana zuƙar man giya.

In lafta gam ta waje fa?

A'a. Gam ba ya kama wurin da mai yake. Wanda ake sawa a ciki ma shafa ake yi siriri, domin in ya yi yawa yana ɓallewa ya je ya toshe rariyar mai, saman injin ya bushe.

Bakanike ya ce sai an sauke injin an raba shi biyu. In yarda?

To, a nan ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka ita bai ga babur ɗin ba, kada ka ɗauka.

Yana yiwuwa gaskiyarsa. Ƙasan injin gida biyu ne aka haɗe a tsakiya, in mahaɗin nan ne yake zuba babu hanyar gyara shi sai an sauke an raba. Amma sau da yawa abin da ake kira yoyon tsakiya daga wani wuri ya gangaro: gasket na gindin bulok, oyil sil na sandar giya, na kik, ko wanda ke bayan ƙaramin sufuroket. Waɗannan sil ɗin a yawancin ƙananan babura ta waje ake zaro su, injin yana jikin babur. Saboda haka ka tambaye shi ko ya wanke ya gani da idonsa. In bai wanke ba, hasashe yake yi.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a duba ƙaramin tiyon da injin yake fitar da iska ta cikinsa. Yakan lanƙwashe, laka ta toshe shi, babur ɗin da ya daɗe a ajiye har zanzaro yana gini a bakinsa. In ya toshe, iska ta taru a ciki ta tura mai ta duk inda ya yi rauni, ka ga injin yana naso wuri uku lokaci guda. A buɗe tiyon, wani lokaci shi ke nan. In kuwa a buɗe yake amma yana huci da ƙarfi har da mai, ring ya cinye, wuta tana ratsawa ƙasa. Ko ka canza gasket sau nawa zai dawo, sai an taɓa fistin da ring.

Idan ya tabbata tsakiyar ce, sai ka auna. Naso kaɗan ne, injin ba ya ƙara, giya tana shiga lafiya? Ni da zan bar shi, in riƙa ciko, har ranar da wani aikin zai sa a buɗe, a haɗa gaba ɗaya. Raba tsohon injin yakan tono abin da ba ka shirya masa ba: boris da ya gaji, notin da ya karye a ciki, kuɗin ya ninka. Amma in yana barin tabo a kwali kullum, ko babur ɗin ya taɓa dukan dutse ta ƙasa har ana zargin tsagewa, jinkiri ba zai amfane ka ba. Tsagewa kuma wani babi ne, sai mai waldar alminiyom, shi ma ba kowane wuri yake kamawa ba. In za a raba, ka tsaya a kankare tsohon gasket tas ba tare da an ƙwarzane fuskar ƙarfen ba, a sa sababbin sil duka, a ɗaure notuna a gicciye kaɗan-kaɗan. Kuma don Allah kada a yanko maka kwalin taliya a ce gasket ne.

In koma mai kauri zai daina?

Zai ɗan rage, ba zai warke ba. Tsaya a kan wanda kamfanin ya ce, yawancin baburan nan 20W-50 suke sha.

Mai yana raguwa amma ban ga ɗigo ko ɗaya ba.

Ƙona shi yake yi. Sa wani ya ja maka wuta, ka tsaya a baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ring ne ko sil na bawul. Filogi ma za ka same shi baƙi, a jiƙe.

Wajen cen ne kullum yake jagwab da mai.

Da farko daina zuba wa cen tsohon baƙin mai har yana tsiyaya, shi yake fantsama ka zaci injin ne. Cire murfin sufuroket na gaba, ka wanke, ka bar cen ɗin kwana biyu ba mai. In ya sake jiƙewa daga bayan sufuroket, sil ɗin ne. Canza shi, sannan ka sassauta cen ya riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Cen da aka ɗaure tamau yana jan sandar sufuroket har boris ya yi wasa, sabon sil ɗin ma ba zai daɗe ba.