Taƙaddamar Cam Newton da Peyton Manning a Super Bowl na 50

Super Bowl na 50 shi ne wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL na kakar 2015. An buga shi ranar 7 ga Fabrairu 2016 a filin Levi's da ke Santa Clara a jihar Kalifoniya, inda Denver Broncos ta doke Carolina Panthers da maki 24 da 10. Abin da aka fi tunawa da wasan shi ne cece-ku-ce da ya biyo baya tsakanin magoya baya kan kwatabak biyu da suka jagoranci ƙungiyoyin, Cam Newton na Carolina da Peyton Manning na Denver: wa ya taka rawar gani, kuma wa ke da halin kirki.

Kwatabak shi ne ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya yanke ko zai jefa ta ga abokin wasa, ko ya miƙa ta, ko ya ruga da ita da kansa. Shi ne fuskar ƙungiya, saboda haka in an ci yabon nasa ne, in an faɗi ma a kansa laifin ke sauka.

Mutanen biyu

Manning yana da shekara 39 a lokacin, ƙarfin hannunsa ya ragu, kuma a kakar ya jefa ƙwallon da ta ba da maki sau 9 kacal, abokan hamayya suka cafe masa 17. Ciwon ƙafa ya ajiye shi makonni, Brock Osweiler ya riƙe gurbinsa. Newton kuwa yana da shekara 26, ƙungiyarsa ta ci wasa 15 cikin 16, kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan kakar. Ya jefa ƙwallon maki 35, ya ci 10 da gudunsa. An san shi da rawa bayan cin maki, da kuma miƙa wa yara ƙwallo a cikin 'yan kallo. Wannan rawar ta raba kan jama'a tun kafin wasan ƙarshe. Wasu na ganin nishaɗi ne, wasu na ganin girman kai ne. Newton da kansa ya faɗa cewa kasancewarsa kwatabak baƙar fata mai irin salonsa na iya tsorata mutane da yawa, don ba su taɓa ganin wanda za su kwatanta shi da shi ba.

Abin da ya faru a fili

Gaskiyar magana, babu ɗayansu da ya yi abin a zo a gani. Manning ya jefa ƙwallo sau 23, abokan wasansa suka kama 13, yadi 141, ba ko ƙwallon maki ɗaya. Newton ya jefa 41, an kama 18, yadi 265, aka kayar da shi sau shida. 'Yan bayan Denver ne suka ci wasan. Von Miller ya fizge ƙwallo daga hannun Newton sau biyu. Ta farko Malik Jackson ya faɗa mata ya ci maki, kuma Miller ne ya karɓi kyautar gwarzon wasan.

Ta biyun ce ta zama abin magana. Ana saura kusan minti huɗu, Carolina na baya da maki shida, ƙwallo ta suɓuce tana birgima a gaban Newton, sai ya ja da baya maimakon ya faɗa mata. Masu suka suka ce tsoro ne da son kai. Shi kuwa ya ce yadda ƙafarsa take a lokacin, da ya faɗa zai iya jin ciwo.

Taron manema labarai

Bayan wasan Newton ya zauna gaban 'yan jarida fuska a murtuke, kai a lulluɓe da hular riga, yana ba da amsa a taƙaice, cikin 'yan mintoci ya miƙe ya fice. Kwana biyu bayan haka ya ce bai iya ɗaukar faɗuwa ba, bai kuma nemi afuwa ba. Nan aka ce ba shi da tarbiyyar jagora.

Masu kare shi suka tono tarihi. A Super Bowl na Fabrairu 2010, da New Orleans Saints ta doke Indianapolis Colts, Manning, wanda a lokacin shi ne kwatabak na Colts, ya bar fili ba tare da ya gaisa da abokan karawa ba, kuma da yawa suka fassara hakan da zafin kishin nasara. Newton kuwa ya je ya taya Manning murna a fili da fara'a. Suka ce laifi tudu ne, an taka na Manning an hango na Newton, kuma launin fata na da hannu a wannan bambanci. Wannan hujja tana da nauyi, ko da yake ba ta wanke Newton daga batun ƙwallon da ya bari ba. An kuma tuna da rahoton Al Jazeera na Disamba 2015 da ya danganta Manning da maganin ƙara ƙarfi. Ya musanta, kuma a Yuli 2016 hukumar NFL ta ce ba ta sami ingantacciyar shaida a kansa ba.

Bayan haka

Manning ya yi ritaya a Maris 2016, a matsayin kwatabak na farko da ya jagoranci ƙungiyoyi biyu daban suka ci Super Bowl. Newton bai sake zuwa wasan ƙarshe ba. Doug Williams ne baƙar fata na farko da ya ci kofin a wannan gurbi, a Janairu 1988, kuma sai a Fabrairu 2023 aka ga baƙaƙen fata biyu, Patrick Mahomes da Jalen Hurts, sun kara da juna a matsayin kwatabak a wasan ƙarshe.