Zaɓen Faransa na 1848: ranar da talaka ya fara zaɓen 'yan majalisa kai tsaye

Wai me ya sa ake yawan maganar zaɓen 23 ga Afrilu 1848?

Saboda kafin ranar talakan Faransa ba shi da ta cewa a harkar majalisa. Zamanin Sarki Louis-Philippe sai mai biyan harajin faran 200 a shekara ne ke zaɓe, wato mutum wajen dubu 240 kacal a ƙasa mai mutum miliyan 35. Da mutanen Paris suka tunɓuke sarkin a Fabrairu 1848, gwamnatin riƙon ƙwarya ta ce duk namijin da ya kai shekara 21 ya fito, ko ba shi da ko sisi, nan take masu zaɓe suka haura miliyan 9.

To ya aka yi zaɓen, tunda galibinsu ba su taɓa yi ba?

Gaskiya nan ne abin yake taɓa min zuciya. Ba kowane ƙauye aka kai wa akwati ba, sai hedkwatar gunduma, kuma ranar ta faɗo Lahadin Ista, to sai mutane su fito daga coci su jeru, magajin gari da limamin coci a gaba, wasu har da ganga da tuta, a taka tafiyar awanni a ƙafa, tsofaffi da marasa lafiya kuma a ɗora su a amalanke don kar a bar kowa a baya. In an isa ana kiran ƙauye bayan ƙauye, kowa da sunansa, ka miƙa wa shugaban rumfa takardarka shi zai jefa a akwati. Babu wani lungun sirri, wannan sai 1913 aka kawo shi. Wanda bai iya rubutu ba wani ya rubuta masa, ko a damƙa masa bugaggiya. Duk da wahalar nan kusan kashi 84 cikin ɗari sun fito.

Su wa suka ci?

Kujeru wajen 900 ne na majalisar tsara kundin mulki, kuma 'yan jamhuriya masu sassaucin ra'ayi ne suka kwashe rinjaye, mawaƙi Lamartine shi kaɗai jihohi goma suka zaɓe shi. Masu son sarauta ma sun samu kaso mai tsoka. 'Yan gurguzu, waɗanda mutanensu suka zubar da jini a titunan Paris, su suka tashi da kaɗan.

Ikon Allah, ya haka?

Ai su Blanqui, ɗaya daga jagororin 'yan gurguzu, sun hango, shi ya sa suka nace a ɗage zaɓen har a wayar wa manoma kai, sati biyu kawai aka ƙara. Manomi dai wanda ya sani ya zaɓa, mai gonar da yake nomawa ko lauyan garinsu, ga shi kuma ransa a ɓace da sabuwar gwamnati don ta ƙara santim 45 (santim 100 ne faran ɗaya) a kan kowane faran na haraji. Ni ban ga laifinsa ba, wanda ya tatse ka jiya da wuya ka ba shi ƙuri'arka yau.

Mata fa?

Ba su. Sai 1944 aka ba su dama.

Hakkin ya ɗore kuwa?

An ci amanarsa da wuri. A watan Yuni wannan majalisar ta sa Janar Cavaignac ya murƙushe boren ma'aikatan Paris, dubbai suka mutu. Sannan dokar 31 ga Mayu 1850 ta ce sai wanda ya shekara uku a gari ɗaya zai yi zaɓe, lebura mai yawon neman aiki ya faɗi ke nan, kusan mutum miliyan 3 aka goge daga rajista.