Kayan siddabaru da littattafan koyonsa: tambayoyi da amsoshi

Me ya raba kayan wasan kusa da na dandamali?

Nisan ido. Mai wasan kusa tebur ɗaya yake zama da 'yan kallo, wani lokaci ma a tafin hannunsu abin ke faruwa, don haka kayansa ƙanana ne: karta, tsabar kuɗi, ƙwallayen soso, kofuna. Dole su jure a ɗauka a jujjuya. Na dandamali kuwa sai na kujerar baya ya hango su, shi ya sa ake amfani da zobban ƙarfe masu faɗin inci 10 ko 12 da manyan ƙyallayen siliki. Duka biyun zafin hannu ne da iya kawar da hankalin mai kallo. Babu tsafi a ciki.

Wace karta ƙwararru ke amfani da ita?

Galibi Bicycle, wadda ake bugawa a Amurka tun 1885, mai faɗin inci 2.5 da tsawon inci 3.5. Takarda ce mai 'yan mitsi-mitsin ramuka da ke riƙe iska tsakanin ganye da ganye, shi ke sa ta baje sumul kamar maficici. Kartar roba ba ta yin haka, sai ta riƙa sulɓewa gungu-gungu.

Gumi da laima su ne abokan gabarta. Da damina za ka ga ta lanƙwashe tana mannewa. A mayar da ita kwalinta, a danne da littafi mai nauyi ta kwana, a kuma riƙa juya kwali biyu ko uku don kowanne ya huta. Da hunturu matsalar ta koma hannu: yatsu sun bushe, ba sa kama ganye. Ɗigon man gilisarin ya isa, amma a bari ya shige fata kafin a taɓa karta.

Me ake dubawa wajen sayen kofuna da ƙwallaye?

Kofuna uku ne, ƙwallaye huɗu. Mai kallo uku ya sani. Ka ɗora ƙwallo a kan gindin kofin da aka kife, ka kifa wani a kansa. Idan na saman ya yi tangal-tangal ko ya bar tazara, kofin bai yi ba, domin can ne ƙwallo na huɗu ke ɓuya. Ƙwallon kuma ya zama mai rigar saƙar zare, don kada ya yi ƙara a cikin kofin jan ƙarfe ya tona asiri. Sannan bakin kofin ya iya haɗiye lemon tsami guda, wanda da shi aka saba rufe wasan.

Yatsan roba fa? Dole launinsa ya dace da fata?

Yatsan roba hular roba ce mai siffar babban yatsa da ake sawa a kansa don ɓoye ƙyalle a ciki. Ana yin sa da launuka daban-daban, har da na baƙar fata, kuma gara wanda ya fi kusa. Amma girma ya fi launi muhimmanci. Ya tsaya daidai gaɓar farko ta babban yatsa, ya bar wurin ƙyalle a ciki. Idan ya matse, cire shi zai sa a ga hannu na fama. Idan ya yi sako-sako, zai faɗi. Ƙyallen ya kasance siliki na gaske da bai wuce inci 9 ba, domin na leda ba ya dunƙulewa. A riƙa nuna kan yatsan ga masu kallo, kada a ba su gefensa.

Da wane littafi za a fara?

A karta, The Royal Road to Card Magic na Jean Hugard da Frederick Braué, na 1948. Kowane babi dabara ɗaya yake koyarwa, sai wasannin da ke amfani da ita. A tsabar kuɗi, Modern Coin Magic na J. B. Bobo, na 1952. The Expert at the Card Table, da aka buga a Chicago a 1902 da sunan S. W. Erdnase, ƙwararru na girmama shi ƙwarai, amma ba na ɗan koyo ba ne. Bayaninsa a dunƙule yake. Dukansu da Turanci suke, kuma da karta ko kuɗi a hannu ake karanta su, layi-layi. Littafi ya fi bidiyo a nan, domin mai koyo da bidiyo yakan kwaikwayi har tafiya da murmushin malamin.

Akwai kayan da ke da haɗari?

Takardar walƙiya, wadda ke ƙonewa cikin ƙiftawar ido ba toka. Tartsatsi kaɗan ke tayar da ita, shi ya sa a jiƙe ake sayar da ita, a jiƙe ake ajiye ta. Iya wadda za a yi aiki da ita ranar ake shanyawa, a inuwa, nesa da murhu. Ba a shiga jirgin sama da ita, ba a kuma kunna ta kusa da labule ko hannun babbar riga.