Cututtukan jima'i a jikin yara da matakan kare su

Ciwon sanyi, tunjere, kilamidiya (wata cutar jima'i mai kama da ciwon sanyi) da ƙanjamau suna kama yaro ta manyan hanyoyi biyu: daga mahaifiya, ko daga wanda ya yi lalata da shi. Aikin ma'aikacin lafiya na farko shi ne ya bambance su.

Tunjere na shiga jariri tun yana ciki. Ciwon sanyi kan kama idonsa wajen haihuwa, ido ya kumbura yana fitar da mugunya cikin kwana 2 zuwa 5. Ƙanjamau na bi ta ciki, haihuwa ko nono. Kilamidiyar da aka ɗauka wajen haihuwa tana iya daɗewa har shekara 2 ko 3. Amma idan yaro ya wuce jarirantaka, gwaji ya tabbatar da ciwon sanyi ko tunjere, ba kuma daga uwa ba ne, to a ɗauka an taɓa shi har sai bincike ya nuna akasin haka. Yara maza ma abin na shafarsu, musamman masu kwana nesa da iyaye.

Ba kowane ƙaiƙayi ko farin ruwa ba ne cutar jima'i. Tsutsar ciki da sabulu mai zafi suna kawo su. Gwaji ne ke raba gardama. Kuma rashin ganin rauni bai wanke kowa ba, domin galibin yaran da aka ci zarafinsu ba a ganin tabo a jikinsu.

Idan an yi lalata da yaro, lokaci na da muhimmanci ƙwarai. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Yarinyar da ta balaga ana ba ta maganin hana ɗaukar ciki cikin kwana 5. Ana yin allurar rigakafin ciwon hanta, a maimaita gwajin jini bayan mako 6 da wata 3. Kada a yi wa yaron wanka kafin asibiti, tufafinsa kuma a naɗe su a takarda, don leda na ruɓar da shaida. A saurare shi ba tsawa, ba matsa tambaya.

Inda aka fi yin ɓarna, daga Garwa har Marwa da Kuseri a arewacin Kamaru, shi ne a ce "a masai ta ɗauka", a sayi ƙwayoyi wurin mai talla, a rufa asiri. Maganin na ɓatar da sakamakon gwaji, yaron kuma ya koma hannun mai cutar da shi, wanda sau da yawa ɗan gida ne ko maƙwabci. Takardar likita ita ake kai wa jandarma ko 'yan sanda, a sanar da ofishin jin daɗin jama'a don a raba yaron da mutumin. Sulhu a gaban jauro, wato mai unguwa, ba ya maye gurbin kotu. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 kan fyaɗe, hukuncin na ƙaruwa idan yaro ne, kuma auren wadda aka yi wa fyaɗen ba ya tsayar da shari'a.