Fashin Baƙin Dokar Amurka Kan Jirage Masu Juya Farfela

Akwai jirgin da farfelarsa ke kallon sama a lokacin tashi, ya miƙe tsaye kamar mai saukar ungulu, idan ya lula sai ta karkato gaba ya ci gaba da tafiya a kan fukafukai. An fi saninsa a hannun sojoji, musamman V-22 Osprey. A watan Oktoban 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da dokar da ta tsara yadda irinsa zai ɗauki fasinja da kaya. Rabon da a buɗe sabon rukunin jiragen farar hula a ƙasar tun zuwan mai saukar ungulu a shekarun 1940.

Dokar ta shekara 10 ce, kuma kan matuƙi ta fi mayar da hankali. Kowane samfurin jirgi sai matuƙi ya sami takardar ƙwarewa a kansa. A al'ada malami da ɗalibi kowa da abin tuƙinsa a gabansa, amma da yawa daga cikin ƙananan jiragen tasi masu lantarki, waɗanda su ma dokar ta shafa, wurin tuƙi ɗaya gare su. Sai dokar ta yarda a yi babban ɓangaren horon a na'urar kwaikwayon tuƙi.

Sai batun rarar mai. Da rana, idan gari ya washe, jirgi mai fukafukai yana ajiye na minti 30, mai saukar ungulu na minti 20. Sabon jirgin zai ci moriyar minti 20 ɗin ne kawai idan zai iya sauka tsaye a ko'ina a kan hanyarsa.

To amma kada a ɗauka dokar ta wanke injin. Tantance shi kansa jirgin aiki ne daban, kuma nan gizo ke saƙar. A Nuwamban 2023 wani Osprey ya faɗa teku kusa da tsibirin Yakushima na Japan, sojoji 8 suka mutu, bincike ya gano wata giya ce ta tsage a akwatin giyar farfela. An dakatar da jiragen har Maris 2024. Shi ma AW609 na kamfanin Leonardo, wanda ake ƙerawa domin farar hula, samfurin gwajinsa ya yi hatsari a Italiya a 2015, matuƙa biyu suka rasu. A ganina, kamfanin da ke son ɗaukar marasa lafiya ko ma'aikatan haƙar mai na cikin teku a irin wannan jirgi, tambayar akwatin giya za a fara yi masa kafin ta lasisin matuƙi.